Yadda ake gane mazari da gizo-gizo a dawa, a kuma ɗauke su hoto

Tun da na fara nuna wa jama'a hotunan mazari da gizo-gizo da nake ɗauka, tambayoyi biyu ne ba sa ƙarewa: wace kyamara kake aiki da ita, kuma ta yaya ka san sunan wannan halitta? Amsar ta farko gajera ce. Ta biyun ita ce ainihin aikin, kuma a nan mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe. Mutum zai dawo da hoto mai kyau, launi ya fito raɗau, amma masani ya duba ya ce ba abin da zai iya faɗa, domin gefen ƙirji bai fito ba, ko kuma ƙarshen ciki ya yi dishi-dishi. Nau'in mazari da aka sani a duniya sun haura 6,000, na gizo-gizo kuwa sun ƙetare 50,000 tun shekarar 2022, kuma da yawansu ɗigo ɗaya ko layi ɗaya ne ya raba su. Saboda haka tsarin da nake bi, wanda shi zan shimfiɗa a nan, shi ne ka fara kallo, ka ɗauki hoton shaida, sannan in halittar ta ba ka dama ka nemi na ƙawa.

1. Haɗa kayan aiki

Fara da abin da ke hannunka. Wayar da kyamararta ke da dama-dama ta isa ga gizo-gizon da ke zaune a saƙarsa da mazarin da sanyin safiya ya kama. Ƙaramin gilashin ƙara girma da ake maƙalawa a bayan waya shi ne mafi arha a duk kayan wannan aiki, kuma yana fito da idanun gizo-gizo fiye da yadda za ka zata.

In kana da kyamarar da ake sauya mata lensi, ga yadda zan kashe kuɗi da ni ne kai. Na farko, abin tausasa hasken filasha, wanda za ka iya haɗawa da kanka da farar takarda mai kauri ko siririn farin soso. Na biyu, zoben da ake sawa tsakanin kyamara da lensi don ya kusanto da abu. Babu gilashi a cikinsa, shi ya sa ba ya tsada. Sai na uku, lensin makro na milimita 90 zuwa 105, wanda ke ɗaukar abu daidai girmansa. Shi ne mai cin kuɗi, amma na hannu yana aiki tamkar sabo, kuma ko tsohon da ba ya saita kansa ba laifi, tunda yawancin aikin kusa da hannu ake saita shi. Ga manyan mazari masu tsoro, dogon lensi na milimita 300 ko 400 ya fi makro amfani, domin daga nesa za ka tsaya.

Gargaɗi: kafin ka biya kuɗin lensi na hannu, haska tocila ta cikinsa ka leƙa. In ka ga wani farin zare-zare kamar yana a jikin gilashin, fumfuna ce ta kama shi, ka bar shi ko da an karya maka farashi.

Sauran kayan su ne takalmin roba mai tsawo, dogon wando, hula, tocilar goshi, batir na biyu, ɗan littafin rubutu da ƙaramar rula. Tufafi su kasance masu duhun launi ko launin ƙasa. Farar riga a bakin tafki tamkar shela ce ka yi cewa ga ka nan tafe. Ƙafar kyamara mai ƙafa uku ni ba na yawo da ita wajen mazari, kafin ka kafa ta ya tashi, kuma ƙafafunta na girgiza ciyawar da yake kai.

2. Zaɓi wuri da lokaci

Mazari a ruwa yake tasowa. Ɗansa yakan yi watanni, wani nau'in har shekaru, a ƙarƙashin ruwa kafin ya yi fiffike. Don haka ka nemi ruwa mai daɗi: tafki, kududdufi, fadama, rafi, ƙorama, har da magudanar gona. Kowane irin ruwa da nasa mazauna, na ruwan tsaye daban, na ruwa mai gudu daban, na rafin da ke cikin inuwar itatuwa daban. Wurin da ya fi albarka shi ne gaɓar da rana ke dukanta, iska ba ta kaɗa ta sosai, ga ciyawa da busassun rassa suna leƙa ruwa.

Lokaci biyu ne, kuma aikinsu ya bambanta. Daga hantsi zuwa la'asar, in rana ta buɗe, maza suna bakin ruwa suna gadin wurarensu, a lokacin ne za ka ga nau'i da yawa. Da sassafe kuwa, kafin rana ta yi zafi, suna maƙale a dogayen ciyayi ɗan nesa da ruwa, jiki ya yi sanyi, raɓa ta lulluɓe fukafukai, ba sa iya tashi. Nemo su a wannan lokaci da wuya, amma wanda ka samu zai bar ka ka kusance shi har ka ƙirga jijiyoyin fiffikensa. Ranar da hadari ya rufe ko iska ke kaɗawa da ƙarfi, ka bar mazari ka koma kan gizo-gizo.

Gargaɗi: bakin ruwa ba filin wasa ba ne. Ka dubi inda za ka sa ƙafa kafin ka dubi kyamara, saboda maciji, taɓo mai nutsar da mutum, da gaɓar da ruwa ya cinye ƙarƙashinta. A yankunan da ke da kada kada ka tsuguna dab da ruwa mai zurfi, inda kuma ake fama da tsargiya kada ka shiga ruwan tsaye ba takalmin roba. In ka dawo ka binciki jikinka saboda kaska. Wurin da ke da mai shi kuwa, a nemi izini.

3. Raba babban mazari da siriri

Wannan ne matakin farko na ganewa, kuma a tsaye za ka yi shi kafin ka ɗaga kyamara. Masana sun kasa wannan zuri'a, wadda suke kira Odonata, gida biyu manya. Akwai babban mazari, Anisoptera, da siririn mazari, Zygoptera.

Dubi fukafukai in ya sauka. Babban yana barin nasa a buɗe, a shimfiɗe kamar na jirgin sama, kuma na baya sun fi na gaba faɗi daga gindi. Siririn yana haɗe nasa a kan bayansa, huɗun duka kusan siffa ɗaya. Sai idanu: na babban manya ne, sun mamaye kai har sun haɗu a tsakiya, na siririn kuwa a rabe suke, ɗaya nan ɗaya can, kan ya yi kamar 'yar guduma. Tashinsu ma ba ɗaya ba ne. Babban yana wucewa fyu, ya tsaya cak a iska, ya juya nan take. Siririn a hankali yake bin cikin ciyawa, jikinsa kamar allura mai launi.

Akwai dangi biyu da ke rikita mai koyo, gara ka san su tun yau. Dangin Lestidae sirara ne amma suna sauka da fukafukai rabi a buɗe. Dangin Gomphidae manya ne amma idanunsu a rabe suke. Shi ya sa ba a yanke hukunci da alama ɗaya, sai an haɗa biyu ko uku.

4. Namiji ne ko mace, sabo ne ko tsoho

A nan ne launi ke yaudarar mutane, kuma zan ɗan daɗe a kai. A nau'i da yawa namiji ja ne jawur ko shuɗi, macen kuwa ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, har ka rantse ba dangi ɗaya ba ne. Crocothemis erythraea misali ne: namijin da ya balaga ja ne tun daga fuska har ƙarshen ciki, macen kuwa launin busasshiyar ciyawa. Sannan saurayin namiji da bai balaga ba launin mace yake ɗauka. Wasu kuma, irin su Orthetrum, in sun manyanta wata hoda mai shuɗi-shuɗi tana fito musu ta rufe zanen jikinsu, hodar kuma tana gogewa da tsufa. Wanda ya dogara da launi kaɗai zai rubuta nau'i uku alhali ɗaya ya gani.

Abin dogara shi ne ƙirar jiki. Dogon sashen nan da mutane ke ce wa wutsiya ciki ne, gaɓoɓinsa goma, ana ƙirga su daga wajen ƙirji. Namiji yana da wani ɗan tudu a ƙarƙashin gaɓa ta biyu, yana kuma da 'yan ƙugiyoyi a ƙarshen ciki da yake riƙe mace da su: uku ga babban mazari, huɗu ga siriri. Mace ba ta da tudun, ƙarshen cikinta ya fi kauri, a sirara ma za ka ga abin saka ƙwai a ƙasansa. In ka ga biyu a haɗe suna tafiya, na gaba shi ne namiji. Babban mazari a kai yake riƙe mace, siririn kuma a wuya. Wannan dama ce babba, domin hoto ɗaya ya ba ka namiji da macen nau'i ɗaya, kuma mace ita kaɗai ta fi wuyar ganewa.

Sabon fitowa kuma fari-fari yake, launinsa bai nuna ba, fukafukansa na sheƙi kamar sabuwar leda. Wata safiya na tsuguna wajen awa biyu gaban wani kara da ke tsaye cikin ruwa. Ɗan mazari ya hau ya ƙanƙame karan, bayan ƙirjinsa ya tsage, sai ga kai da ƙafafu sun fito, ya yi reto da kai ƙasa shiru kamar ya mutu. Can ya yunƙura ya kama tsohuwar fatar ya zaro cikinsa. Fukafukan a cukurkuɗe suke kamar jiƙaƙƙen tsumma, ina kallo suna miƙewa kaɗan-kaɗan har suka kai tsawonsu. Har yau ban ga abin da ya fi wannan a bakin ruwa ba.

Gargaɗi: kada ka taɓa sabon fitowa, kada ka girgiza karan da yake kai, kada ka kore shi don ya koma inda haske ya fi. Fiffiken da ya lanƙwashe a wannan lokaci haka zai bushe, kuma mazarin da ba ya tashi ya gama yawo. Saɓar da ya bari a jikin kara ita ma ka ɗauke ta hoto, ita ce shaidar cewa nau'in a wannan ruwa yake haihuwa, ba baƙo ne mai wucewa ba.

5. Kusantar mazari

Tsaya ka yi minti biyar kana kallo ba tare da ka matsa ba. Za ka lura manyan mazari hali biyu gare su. Akwai masu zama, yawanci dangin Libellulidae, waɗanda ke da reshe ɗaya da suka zaɓa: ya tashi ya cafko sauro ko ya kori abokin gaba, ya dawo daidai inda ya bari. Akwai kuma masu sintiri, kamar Anax imperator na dangin Aeshnidae, da ke kai da kawo bisa ruwa ba sauka.

Mai zama ba a bin sa. Ka gane reshensa, ka matsa kusa lokacin da ya tashi, ka saita kyamara a kan reshen, ka jira. In wurin babu reshe mai kyau, kafa busasshen kara a bakin ruwa inda bayansa babu tarkace. Sau da yawa kafin a jima wani ya karɓe shi.

Idon mazari na da ƙananan tagogi da kan kai dubu 30 a wasu nau'o'in, kuma motsi ne abin da ya fi kamawa. Don haka ka ɗaga kyamara zuwa fuska tun kana nesa, ka tafi a miƙe zuwa gare shi, kada ka riƙa gilmawa hagu da dama. Ka rage tsawo, ka zo ta ƙasa. Abu mafi muhimmanci, kada inuwarka ta faɗa kansa, da zarar ta taɓa shi ya tafi. Ɗauki hoto tun daga nesa, ka yi taku biyu ka sake ɗauka, ka ƙara taku ka sake. Wanda ya ce sai ya kai dab kafin ya danna yakan koma gida hannu rabbana.

6. Saiti da jerin hotunan shaida

Matsalar hoton kusa ita ce ƙarancin wurin da ke fitowa tar. In lensin makro yana ɗaukar abu daidai girmansa, ko ƙofar hasken lensi na kan f/11, wato a ɗan tsuke, kaurin abin da zai fito sarai bai kai milimita 2 ba. Maganinsa ba a cikin maɓallai yake ba, a tsayuwarka yake: ka daidaita bayan kyamara ya yi layi ɗaya da tsawon jikin mazarin, yadda kai da ƙarshen ciki za su kasance nisa ɗaya daga lensi. In ka karkace kaɗan, ido zai fito ƙugiyoyin ƙarshe su ɓace, su ne kuwa masani zai fara nema.

Ga mai zama, fara da f/8 zuwa f/11, saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa, da dogon lensi kuma 1/500 ko sama. Bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau yadda ya ga dama. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana gane abin da ke ciki, wanda ya girgiza kuwa sai shara. Saita a kan ido. In da hannu kake saitawa, ka tsayar da zoben wuri ɗaya, ka riƙa matsar da jikinka gaba da baya a hankali, ka danna sau uku ko huɗu a jere daidai lokacin da idon ya fito. Da waya, taɓa allon a kan ƙwaron ka riƙe har saitin ya kulle. In ta nace sai ciyawar baya take kamawa, miƙa tafin hannunka a nisan da ya yi daidai da na ƙwaron, ka kulle saitin a kansa, sannan ka juya. Zum ɗin da ake ja da yatsu yawanci yanka hoton kawai yake yi, bai ƙara komai.

Hotunan da ake buƙata, bisa wannan jeri: na gefe, wanda ya nuna layukan ƙirji da launin ƙafafu, na sama, wanda ya nuna zanen bayan ciki da fukafukai, har da ɗan tabon nan mai launi da ke kusa da bakin kowane fiffike, na fuska, sai na ƙarshen ciki dab da dab. Ga shuɗɗan sirara, waɗanda suka fi kowa kama da juna, zanen da ke saman gaɓa ta biyu da launin gaɓa ta takwas zuwa ta goma su ne ke raba gardama. Bayan waɗannan sun samu, sai ka nemi bayan da ya yi sumul da hasken da ya ratso fukafukai.

Gargaɗi: tsakar rana tana ƙona launin ja da hodar shuɗi har zane ya ɓace. Rage hasken hoton kaɗan, ka duba allo kafin ka ci gaba. In ka ga mazari ya ɗaga cikinsa sama tsaye yana nuna rana, zafi yake ragewa, kuma a wannan tsayuwa hoton sama ba zai yiwu ba sai na gefe.

7. Wanda ba ya sauka

Mai sintiri hanya ɗaya yake bi, kuma yana da wuraren da yakan tsaya cak na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Gane wurin, saita da hannu a wannan nisa, sa saurin ɗauka 1/2000, ka danna a jere. Yawancin hotunan za su lalace, haka abin yake ga kowa. Pantala flavescens, mai ruwan ɗorawan nan da ke shawagi garke-garke gabanin ruwan sama, wanda ke ƙetare tekun Indiya tsakanin Indiya da gabashin Afirka, da wuya ka gan shi a zaune da rana. Da yamma ka duba ƙarƙashin rassa, a rataye yake kwana.

8. Nemo gizo-gizo

Gizo-gizo ba ya buƙatar tafki, yana ko'ina, sai dai ido bai saba ganinsa ba. Da asuba raɓa na tona asirin kowace saƙa, musamman in ka fuskanci inda rana ke fitowa. Da rana ka duba kan furanni, bayan ganye, ɓawon itace, da bangon da rana ke duka. Ganyen da aka naɗe aka ɗinke da zare ɗaki ne, akwai mai shi a ciki. A bakin ruwan da ka je neman mazari ma akwai dangin Tetragnathidae masu dogayen ƙafafu, suna miƙewa a jikin kara har su saje da shi.

Amma dare ne kasuwarsu. Masu saƙar da'ira da yawa da magariba suke saƙa, da safe su cinye ta. Ɗaura tocila a goshi, ko ka riƙe ta dab da idonka, ka haska ciyawa mita biyar zuwa goma a gabanka. Za ka ga wasu 'yan ɗigo suna ƙyalli kore-kore. Bi ɗaya ba tare da ka kawar da hasken ba, a ƙarshensa za ka tarar da gizo-gizon dangin Lycosidae yana kallonka. In tocilar na ƙasa wajen cinyarka ba za ka ga komai ba, domin hasken inda ya fito yake komawa.

Gargaɗi: kada ka sa hannu inda idonka bai gani ba. In za ka ɗaga dutse ko gungume, ka jawo shi ta wajenka yadda zai shiga tsakaninka da abin da ke ƙasa, ko kunama ce ko maciji, sannan ka mayar da shi yadda ka same shi. Galibin gizo-gizo ba sa yi wa mutum lahani, amma akwai kaɗan da ake kiyaya: Latrodectus, mai saƙa a hargitse cikin lungu mai duhu, da jan tabo ko ruwan lemo a ƙarƙashin ciki, Loxosceles mai ido shida, Phoneutria a Kudancin Amurka, da Atrax a Ostareliya. Ba a ɗaukar wanda ba a sani ba da hannu. Wanda aka ciza ya ji ciwon na yaɗuwa, ko gumi da murɗawar ciki, ya nufi asibiti, in da hoton abin ya tafi da shi.

9. Gane danginsa

Fara tabbatar da cewa gizo-gizo ne: ƙafa takwas, jiki kashi biyu da siririn ƙugu a tsakani. In jikin dunƙule ɗaya ne da ƙafafu kamar zare, wannan Opiliones ne, ɗan uwa ne kawai, ba ya saƙa.

Daga nan idanu ne mabuɗi. Manyan idanu biyu a gaba kamar fitilun mota, ga gajerun ƙafafu da tsalle, Salticidae ke nan, dangin da ya fi kowane yawa, nau'insa sun haura 6,000. Ƙanana huɗu a jere a ƙasa, manya biyu a samansu, wasu biyu can baya, Lycosidae ne. Macensu na jan jakar ƙwai a maƙale a ƙarshen cikinta, in sun ƙyanƙyashe ta goya 'ya'yan a baya. In kuwa a baki ta riƙe jakar a ƙarƙashin jikinta, ka duba wajen Pisauridae. Wanda ƙafafunsa huɗu na gaba suka fi tsawo, ya buɗe su kamar ƙaguwa a kan fure yana jiran ƙudan zuma, Thomisidae ne.

Saƙa ma shaida ce. Da'ira mai farin zane a karkace a tsakiya, mai ita zaune kai ƙasa ta haɗa ƙafafu bibbiyu, yawanci Argiope ce. Babbar saƙa mai zare ruwan zinariya ta Nephila ce ko Trichonephila, kuma 'yan ƙananan da za ka gani a gefenta sau da yawa mazan ne. Namijin da ya balaga ana gane shi da 'yan hannaye biyu na gaban baki, bakinsu a kumbure kamar ya sa safar dambe.

Gaskiyar da ya kamata ka karɓa tun wuri ita ce, yawancin gizo-gizo ba a kai wa ga sunan nau'insu da hoto, sai masani ya duba al'aurarsu a madubin ƙara girma, ƙananan da ba su balaga ba kuwa ko shi ba ya iyawa. In ka tsaya a sunan dangi ka yi aiki mai kyau. Ya fi ka liƙa sunan da ba ka tabbatar ba, wani ya zo ya kwafa.

10. Ɗaukar gizo-gizo

A nan filasha ke da rana. Sa saurin ɗauka 1/200, ƙofar haske f/11, ISO 200 ko 400, filasha a rage mata ƙarfi, abin tausasawa ya rufo saman lensi kamar rumfa. Filasha tsirara tana barin farin tabo a jiki mai sheƙi, ta kashe zanen da kake nema.

Ɗauki na sama, na fuska inda jerin idanu ya fito, sai na ƙarƙashin ciki, wanda ga mai saƙar da'ira zagayawa ɗaya bayan saƙar kawai za ka yi. Ƙara da hoton saƙar gaba ɗaya, da jakar ƙwai in akwai, da ɗaya da rula a gefe. Jakar ƙwai kaɗai takan warware magana: ta Latrodectus geometricus ƙaya-ƙaya gare ta kewaye, ba ta kama da ta kowa.

Iska ce babbar abokiyar gaba. Riƙe reshen da hannun hagu, ka ɗora bakin lensi a kan wannan hannun, sai ku riƙa motsi tare. Amma ka duba kada reshen ya zama wanda zaren saƙar ke ɗaure a jiki, taɓawa ɗaya mai saƙar za ta saki kanta ƙasa. Numfashinka ma ka kawar da shi gefe. Mai tsalle kuwa shi ne mafi daɗin sha'ani: in ka tsaya shiru zai juyo da kansa ya ɗaga kai ya ƙura wa lensi ido, wani lokaci ma ya yi tsalle ya hau kai. Jira wannan juyowar, ita ce hoton fuskar da kake buƙata.

Gargaɗi: akwai masu sa ƙwari a firji don su sandare, da masu fesa ruwa a saƙa don ta yi kamar raɓa, da masu yage ɗakin ganye don mai shi ya fito. Ban yarda da ko ɗaya ba. Uwar da aka raba da jakar ƙwanta ko aka rushe mata ɗaki ta yi asarar da hotonka bai kai ta ba, kuma halittar da aka sandarar tsayuwarta ba ta gaskiya ba ce, masani na gani zai gane.

11. Bayan ka dawo

Tun a wurin ka rubuta kwanan wata, lokaci, irin ruwan ko tsiron, da abin da halittar ke yi. Agogon kyamara ya zama daidai, in kuma ba ta ajiye wuri, ɗauki hoto ɗaya na wurin da waya. Wajen tacewa kada ka goge hoto don bai yi kyau ba alhali shi kaɗai ya nuna ƙarshen ciki ko jerin idanu. Yanke gefe da ɗan ƙara haske ba laifi, amma kada ka ƙara wa launi ƙarfi, ja da ruwan lemo nau'i biyu ne a wani wurin.

Ka fara gwada ganewa da kanka da littafin jagora na yankin da ka ɗauki hoton, domin littafin wata nahiya zai ba ka sunan da ya yi kama amma ba shi ba. Sannan ka ɗora a iNaturalist, shafin intanet da ake ɗora hotunan halittu a taimaka wajen gane sunansu, wanda kyauta ne kuma yana aiki tun 2008. Kowace halitta ɗaya da shigarwarta, duk hotunanta a ciki, kada ka haɗa mazari biyu don sun yi kama. Sunan da na'urar za ta ba ka shawara ce kawai, a kan gizo-gizo ma takan yi kuskure sosai. In kana shakka rubuta Odonata ko Araneae, wato zuri'ar gizo-gizo, ka bar masana su ƙarasa. In nau'in mai wuyar samu ne, ko wurin na wani ne, akwai zaɓin ɓoye ainihin wurin.

In wani ya gyara maka suna, tambaye shi wace alama ya duba, ka rubuta ta a littafinka. In ya ce sai da hoton gefen ƙirji ko na gaɓa ta biyu, koma wannan ruwa a irin wannan lokaci cikin kwana biyu ko uku, ka nufi reshen da ka gan shi. Masu zama sukan riƙe wuri ɗaya kwanaki, in ma wancan ya tafi, galibi wani namijin irinsa ne zai gaje reshen.